Yadda ake tallan kayan Sallah a Facebook da Instagram har ciniki ya faɗa a WhatsApp

Yawancin 'yan kasuwar da ke cewa sun gwada tallan Facebook bai yi ba, idan ka bi diddigi abu ɗaya suka yi: sun ɗora hoto, sun danna shuɗin maɓallin nan na Boost, wanda ake biya don a nuna hoton ga ƙarin mutane, kuɗi ya tafi, jama'a sun cika ƙasan hoton da "Masha Allah", amma ba wanda ya sayi ko ƙyalle. Kamfanonin talla da suka san aikinsu ba daga hoto suke farawa ba, daga lissafi suke farawa. Bari mu ɗauki mai shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari da ke son sayar da kayan Ƙaramar Sallah, mu bi aikin daga tushe.

Lissafi kafin a kashe ko sisi

A ce kana saro turmin atamfa a kan N18,000 ka sayar N23,000. Ribar N5,000 ke nan. Cire leda, kuɗin yaron da zai kai tasha da katin waya, a ce N1,000, saura N4,000. A cikin wannan ka yanke abin da za ka iya bai wa talla a kan kowane turmi, misali N1,500. Sai tambaya ta biyu: cikin mutum nawa da suka yi maka magana a WhatsApp ake samun mai saye ɗaya? Duba tsofaffin hirarrakinka ka ƙirga. Idan ɗaya ne cikin goma, to bai kamata kowane saƙo da talla ta kawo maka ya wuce N150 ba. Wannan lambar ita ce ma'auninka har ƙarshen kamfen.

Da kuɗin talla N3,000 a kullum, mako ɗaya N21,000 ne. Tun Janairun 2022 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, yake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallan 'yan Najeriya, don haka abin da zai fita daga aljihunka N22,575 ne. Idan saƙo ya tsaya a N150, za ka sami saƙo 140, turmi 14 ya fita, riba N56,000, a cire kuɗin talla saura N33,425. Amma idan sai cikin mutum 25 ake samun mai saye, turmi shida ne da ƙyar, riba N24,000, ka yi wa Meta aiki ke nan. Talla ɗaya ce, kuɗi ɗaya ne, bambancin yana wajen amsa saƙo, kuma za mu zo kansa.

Lokaci

Mai sayar da yadi ba da ranar Sallah yake aiki ba, da ranar da teloli za su daina karɓar ɗinki yake aiki. Kowa ya san da azumi ya raba tsakiya, tela mai kirki ya rufe littafinsa. Saboda haka tallan atamfa, leshi da shadda tun cikin Sha'aban ake soma shi, a ƙara masa ƙarfi a goman farko na azumi. Wanda ya bari sai goman ƙarshe zai tarar da abu biyu: masu saye sun riga sun kai ɗinki, kuma farashin talla kan tashi, domin gwanjo ake yi a kan idon mutane, masu talla kuwa sun yi yawa a lokacin.

Shimfiɗar asusu

Kana buƙatar shafin kasuwanci na Facebook, asusun Instagram na kasuwanci da aka haɗa da shi, da lambar WhatsApp Business da aka ɗaura wa shafin. Ware layi daban don kasuwa, kada ka gauraya da na 'yan uwa. Wajen buɗe asusun talla za a tambaye ka irin kuɗi da agogon ƙasa: zaɓi naira da agogon Legas tun farko, domin sauya su daga baya yana nufin buɗe sabon asusu. Asusun naira yana ba ka damar zuba kuɗi tukuna, talla ta riƙa ci daga ciki. Amfaninsa ba za a ci fiye da abin da ka zuba ba, illarsa kuwa da kuɗin ya ƙare talla ta tsaya cak, ko da tsakar dare ne. Ka riƙa barin aƙalla na kwana uku a ciki.

Masu iPhone su lura: tun 2024, biyan kuɗin Boost ta cikin manhajar wayar na iya jawo ƙarin kashi 30 cikin ɗari na kamfanin Apple. Ta burauza a kwamfuta ko waya ba a biyan wannan.

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunka na Facebook, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba ta daban kafin a shiga. Da ka soma talla za a fara turo maka saƙonni da tambarin Meta, wai za a rufe shafinka cikin awa 24 idan ba ka danna wani mahaɗi ba. Ɓarayi ne. Wanda ya danna ya sa kalmar sirrinsa, shafin da kuɗin da ke ciki sun tafi.

Cikin Ads Manager

Ads Manager shi ne shafin da Meta ya ware don tsara talla. A nan ake aikin gaske, kuma hawa uku ne: kamfen, rukunin talla, sai ita tallar kanta. Sunayen maɓallan kan ɗan sauya lokaci zuwa lokaci, amma tsarin yana nan.

A hawan kamfen za a ba ka manufofi shida. Zaɓi Engagement, sannan a hawa na biyu ka nuna cewa saƙo kake so, kuma a WhatsApp. Wannan zaɓin ya fi duk sauran muhimmanci, domin na'urar Meta abin da ka roƙa shi take nemo maka. Ka ce kana son masu danna "like", za ta tara maka waɗanda sana'arsu ke nan. Ka ce saƙo, za ta nemo waɗanda suka saba yi wa 'yan kasuwa magana.

A wajen zaɓen wuri, kada ka sa Najeriya gaba ɗaya alhali ba ka san yadda za ka aika kaya Fatakwal ba. Sa garuruwan da kake da direba ko tashar da ka amince da ita: Kano, Kaduna, Katsina, Abuja, Jos, Bauchi. Idan so kake mutane su tako shago, dasa alama a kan taswira ka zagaye kilomita 10 zuwa 15. Shekaru kuwa, daga 22 zuwa 55 ya wadatar ga irin wannan kaya.

Akwai kurakurai biyu da ake yawan yi a nan. Na farko, zaɓen Hausa a gurbin harshe. Ɗimbin Hausawa da Turanci manhajarsu take, don haka wannan zaɓin na iya zubar maka da masu saye. Bar gurbin babu komai, ka yi tallar da Hausa, ita da kanta za ta tace masu jin ta. Na biyu, neman a nuna wa Musulmi kaɗai: tun Janairun 2022 Meta ya cire zaɓen mutane ta addini da lafiya da makamantansu. Gari da harshen talla sun isa su yi maka wannan aikin.

Kada ka yayyanka kuɗinka. Kowane rukunin talla yana da lokacin koyo, inda na'urar Meta ke laluben waɗanda za ta nuna wa tallar, kuma yana buƙatar sakamako (a nan saƙonni) kusan 50 cikin kwana bakwai kafin ya daidaita. Mai N3,000 a kullum da ya raba ta gida biyar, ba rukunin da zai ƙoshi. Rukuni ɗaya, talla uku ko huɗu a cikinsa, shi ne daidai. Bayan ka tura, ana duba talla yawanci cikin awa 24. Da ta fara tafiya ka ɗaure hannunka kwana uku zuwa huɗu, domin duk babban gyara, ko na hoto ko na wuri ko na kuɗi, yana mayar da koyon farko.

Abin da za a nuna

Gajeren bidiyo a tsaye ya fi tafiya yanzu, saboda Reels da Stories, wuraren gajerun bidiyo na Facebook da Instagram. Girmansa 1080 a 1920, tsawon daƙiƙa 15 zuwa 30. Ɗauka da safe a ƙofar shago inda hasken rana yake, domin fitilar cikin shago tana sauya launi, kuma rigimar "ba wannan kalar na gani ba" daga nan take farawa. Daƙiƙa ukun farko su ne kasuwar: hannu ya warware turmi, zanen ya cika fuskar waya, murya ta faɗi suna da farashi. Dogon sallama da tambarin shago mai juyawa a ajiye su zuwa ƙarshe. A rubuta farashin a jikin bidiyon saboda masu kallo ba sauti, amma a tsakiya, don maɓallan manhaja suna rufe sama da ƙasa. A matse bidiyon kada ya yi nauyi, mutane da yawa data suke tattali.

Faɗin farashi yana rage yawan saƙo, kuma alheri ne. Masu "nawa?" su ɓace sun ragu, wanda ya yi magana ya riga ya ga kuɗin ya amince. Rubutun saman talla kuwa haruffa kusan 125 ne ke fitowa kafin a yanke, don haka a zuba komai a ciki: "Atamfa turmi N23,000, yadi shida cif. Muna Kantin Kwari, muna aikawa Kaduna da Abuja. Taɓa ƙasa mu yi magana."

Kafin ka ɗauki bidiyo, leƙa Meta Ad Library. Kyauta ne, kuma yana nuna duk tallan da wani shafi ke yi a yanzu. Tallar da ka ga ta daɗe tana gudana, galibi tana kawo wa mai ita kuɗi ne.

WhatsApp, inda ciniki ke faɗawa ko ya watse

Wadda ta taɓa tallarka ta taɓa ta wasu uku a daren. Wanda ya fara amsawa da hoto da farashi shi ke da ita. A azumi saƙonni sun fi zuwa bayan tarawihi da wajen sahur, don haka a sa wanda zai riƙe wayar a waɗannan lokutan. Cika kundin kayan WhatsApp Business da hoto da farashin kowane zane, ka tanadi amsoshin gaggawa na lambar asusu, kuɗin mota da kwatancen shago.

Kowace amsa ta ƙare da tambayar da za ta matsar da ciniki gaba. Ta rubuto, "Nawa ne wannan mai ruwan goron?" Amsar "23k" kaɗai kashe zance ce. A ce mata, "Barka da shan ruwa Hajiya. N23,000 ne, saura turmi huɗu a wannan zanen. Wane gari za a kai miki, in faɗa miki kuɗin mota?" Idan ta ce tana tsoron turo kuɗi, kuma tana da gaskiya, a yi mata kiran bidiyo ta ga shagon da kayan. Kai ma kada ka saki kaya a kan hoton rasit, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka, alat na bogi ya yi yawa. Da an ba direba kaya, tura mata hoton ƙunshin da sunanta a jiki, da lambar direban da ta motar.

Yi wa kowace hira laƙabi: sabuwa, ta tambayi farashi, ta biya, an aika. Da wannan za ka san adadin gaskiya na masu saye. Ka roƙi kowane kwastoma ya ajiye lambarka, domin saƙon bai-ɗaya na WhatsApp, wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a kowane jeri, kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar.

Karanta sakamako

Bayan kwana huɗu, duba kuɗin kowane saƙo ka gwada da ma'auninka. Idan mutane suna gani ba sa taɓawa, laifin bidiyo ne, sauya daƙiƙun farko. Idan saƙo yana zuwa da araha amma ba ciniki, duba saurin amsa da farashi. Idan talla ta yi kyau mako guda sannan ta soma tsada, duba sau nawa mutum ɗaya ya gan ta: ya haura uku ko huɗu, an gaji da ita, kawo sabon bidiyo. Wadda ke kawo ciniki a ƙara mata kuɗi kaɗan-kaɗan, kamar kashi 20 cikin ɗari duk bayan kwana biyu ko uku. Ninkawa dare ɗaya kan rikita ta.

Idan za ka ba kamfani ko ɗan TikTok

Shafi da asusun talla su kasance da sunanka, ka ba kamfanin izinin shiga kawai. Wanda ya bari aka buɗe masa a asusun wani, ranar da suka ɓata ya rasa mabiyansa da tarihin tallansa. A rubuta kuɗin aikinsu daban, kuɗin da za a zuba wa Meta daban, kuma ka riƙa shiga Ads Manager kana ganin abin da aka kashe. Jarumin Kannywood ko mai barkwanci a TikTok kuwa, yawan mabiyansa ba ya nuna ciniki. Ba shi wata kalma da masu zuwa ta wajensa za su faɗa a rage musu N500, sai ka ƙirga su.

Akwai kuma doka. Hukumar ARCON mai kula da harkar talla a Najeriya, wadda ta gaji APCON a 2022, ta wajabta a kai mata talla ta tantance kafin a sake ta, har da ta intanet da ta masu tallata kaya a shafukansu. Mai haɗawa da kayan kwalliya, abinci ko magani yana buƙatar rajistar NAFDAC da amincewarta kan tallar.

Daga 15 ga azumi, rage kuɗin tallan yadi ka juya shi kan abin da ba ya buƙatar tela: mayafi, abaya, hula, takalmi, kayan yara ɗinkakku. Kwana huɗu kafin Sallah ka cire garuruwan nesa daga rukunin, tunda motoci sun cika kuma kaya na iya kwana a tasha, ka bar cikin Kano kaɗai, ka sauya rubutun ya koma kwatancen layin shagonka da lokacin da kuke rufewa.