Yadda za ka gano asalin tsohuwar waƙar kantiri da ake rerawa a gidanku

Babanmu, Allah ya jiƙansa, yana da wata waƙar Turanci da ba ta barin bakinsa. In ya zauna goge takalminsa da safe, buroshi na kai da komo, sai ka ji ya ɗauko ta a hankali, yana jan ƙarshen kowane ɗango kamar kukan jirgin ƙasa daga nesa. Labarin wani saurayi ne da ya bar gida, da uwarsa mai jiran wasiƙa. Waƙar kantiri ce, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka da ake yi da jita da banjo da gogen Turawa. Mu yara mun haddace ta tun ba mu san ma'anar rabin kalmomin ba. Sai bayan rasuwarsa na ji ina son sanin daga inda ta fito, kuma hanyar da na bi ita ce zan shimfiɗa maka a nan.

Kafin ka taɓa intanet, je wurin mafi tsufa a cikin waɗanda suka san waƙar, ka ɗauki muryarsa a waya. Wannan shi ne aikin da ba ya jira. Ni wurin Goggo na je, ƙanwar Baba. Na ce, "Goggo, don Allah ki rera mini waƙar nan ta Baba." Ta yi shiru, ta ce, "Kai ɗan nan, za ka sa ni kuka." Sannan ta fara bubbuga gwiwarta da tafin hannu, ta rera, har da wani baiti da ban taɓa jinsa a bakin Baba ba. Kada ka katse mai rerawa, kuma kada ka gyara masa Turanci. Bar shi ya yi sau biyu ko uku, domin a zagaye na biyu ne baitocin da suka ɓuya suke fitowa. Bayan nan ka tambaya a hankali: wa ya fara kawo waƙar gidan? A rediyo aka ji ta, ko a faifan garmaho, ko a kaset? Murya ɗaya ce ko ta mutane da yawa, namiji ko mace? Lokacin an haifi wane, ko tukuna? Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma sun san abin da ya riga wani.

Da ka dawo, rubuta kalmomin yadda kunnenka ya ji su, har waɗanda ba su da ma'ana. Na daɗe ina ganin gurɓatattun kalmomin nan kamar datti ne da ya kamata a share, ashe su ne sawun da ake bi. Waƙa in ta yi ta yawo daga baki zuwa baki, kowane kuskure yana nuna daga wace murya aka ɗauko ta. Ka yi layi biyu a takarda, ɗaya na abin da aka rera, ɗaya na abin da kake zaton shi ne asalin Turancin.

Yanzu sai bincike mai sauƙi. Zaɓi ɗango ɗaya mai wata kalma da ba a saba ji ba, sunan kogi ko na gari ko na mutum, ka sa shi tsakanin alamar buɗe magana da ta rufewa a Google. Kada ka nemi kalmomi irin su uwa, gida, jirgi, domin dubban waƙoƙin kantiri suna da su. Tun 2020 manhajar Google tana karɓar karin waƙa in ka yi mata guɗa da hanci, SoundHound ma haka. Suna taimakawa in waƙar ta shahara. Shazam kuwa faifai yake ganewa, ba zai gane muryar Goggo ba.

A nan ne mutane da yawa suke tsayawa. Sun ga sunan wani mawaƙi a YouTube, sai su ce sun gano mai waƙa. Ni ina ganin nan ne ma aikin ya fara, kuma dalilin yana cikin tarihin kiɗan kansa. A 1927 wani wakilin kamfanin faifai na Victor mai suna Ralph Peer ya kafa na'urar ɗaukar murya a garin Bristol, kan iyakar jihohin Tenesi da Birjiniya. A can ya fara ɗaukar Jimmie Rodgers da iyalan Carter, mawaƙan kantiri da suka shahara daga baya. Peer yana son waƙoƙin da za a iya yi wa rajistar haƙƙin mallaka, don haka A. P. Carter, ɗaya daga cikin iyalan, ya riƙa shiga ƙauyukan kan duwatsu yana tattaro tsofaffin waƙoƙi, wani lokaci tare da Lesley Riddle, baƙin Ba'amurke makaɗin jita, wanda ke haddace karin yayin da Carter ke rubuta kalmomi. Da yawa daga cikinsu sun fito a faifai da sunan Carter. Shahararriyar waƙarsu "Wildwood Flower" da suka ɗauka a 1928 misali ce: an buga asalinta a takarda tun 1860, kiɗan na Joseph Philbrick Webster, kuma kafin ta iso bakin iyalan Carter wasu kalmominta sun gurɓace har ma'anarsu ta ɓace. Saboda haka sunan da ke jikin faifai yana iya zama na wanda ya tsara ta ko ya yi mata rajista, mai ita na ainihi kuwa ya daɗe a ƙasa.

To, ka riƙa komawa baya, faifai bayan faifai. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara tana da rumbu a intanet mai suna Discography of American Historical Recordings, kyauta ne, yana nuna ranar da aka ɗauki waƙa, da garin, da makaɗan, daga littattafan ajiyar kamfanoni irin su Victor da Columbia da Okeh. Littafin Tony Russell na 2004 ya jera faifan kantiri daga 1921 zuwa 1942. Na Guthrie Meade, Country Music Sources, wanda ya fito a 2002, shi ya fi yi mini amfani, domin ya tara waƙoƙin dangi-dangi, ya nuna tsofaffin takardun da aka fara buga su. In ka sami suna da shekara, je Internet Archive, wani rumbun ajiya na kyauta a intanet, ka saurari tsofaffin faifan da kunnenka, takardarka a gabanka. Ka kula da wani abu: faifan wancan zamani mai inci 10 ba ya ɗaukar fiye da kamar minti 3 a kowane gefe, don haka mawaƙa kan zubar da baitoci. In gidanku na rera baitin da babu shi a faifai, kada ka ɗauka ƙirƙira ce.

In alamu sun nuna waƙar ta girmi garmaho, akwai ƙofofi biyu. Ta farko ita ce fihirisar Roud, wadda Steve Roud ya haɗa, tana shafin laburaren Vaughan Williams da ke Landan. Ta ba waƙoƙin gargajiya na Turanci kusan 25,000 kowace lambarta, ta yadda waƙa ɗaya mai sunaye goma za ta taru ƙarƙashin lamba ɗaya, kuma ana iya nema da ɗangon farko. A nan za ka ga ko waƙarku ta haye teku ne daga Ingila ko Sikotilan, irin waɗanda Francis James Child ya tattara guda 305, ko waɗanda Cecil Sharp da Maud Karpeles suka iske ana rerawa a duwatsun Afalaciya na Amurka tsakanin 1916 da 1918. Ƙofa ta biyu ita ce takardun kiɗa da ake sayarwa a Amurka a ƙarni na 19. Waƙoƙin uwa da wasiƙa da maraya galibi daga nan suke, kuma tarin Levy na Jami'ar Johns Hopkins da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka sun sa dubbansu a intanet. Sashen al'adun gargajiya na wannan laburare yana amsa tambayoyin jama'a. In za ka rubuta musu, haɗa da muryar da ka ɗauka, da kalmomin, da jerin wuraren da ka riga ka duba.

Abu ɗaya ya daɗe yana rikita ni, gara in faɗa maka tun da wuri. A irin wannan kiɗa akwai baitoci masu yawo, ana ciro su daga wannan waƙa a dasa a waccan, haka ma kari ɗaya kan ɗauki waƙoƙi daban-daban. Don haka ka bi labarin waƙar daban, amshinta daban, karinta daban. Da na yi haka sai na gane Baba waƙoƙi biyu ya ɗinke: labarin saurayin daga ɗaya, amshin jirgin daga wata. Baitin nan na Goggo shi ya kai ni ga tsohuwar cikinsu, domin a tsohon faifai kaɗai yake, waɗanda suka sake rera ta daga baya duk sun bar shi.

Duk abin da ka samu, rubuta shi a fayil ɗaya tare da inda ka gan shi da ranar, ka ware abin da takarda ta tabbatar da abin da dangi suka faɗa. Ka ajiye muryar a wuri fiye da ɗaya, ka tura wa 'yan'uwa. Ni na koma wurin Goggo da tsohon faifan a wayata, ƙarar allura na shuu a bayan muryar. Ta kanga wayar a kunne har ya ƙare, ta ce, "Ita ce. Amma Yaya ya fi shi jan ƙarshen." Sannan ta ce in sake kunna mata daga farko.