Yadda Ake Kula da Bishiyoyi a Gandun Abinci na Cikin Birni

Gandun abinci fili ne na jama'a da ake dasa itatuwa masu 'ya'ya hawa-hawa: manya a sama, ƙanana a ƙarƙashinsu, sannan ganyayyaki da masu yaɗo a ƙasa. Irinsa ne Beacon Food Forest da ke Seattle a Amurka, wanda 'yan sa kai ke riƙe da shi. Ranar dashe ba a rasa jama'a. Wanda bishiya ke nema shi ne mai dawowa cikin shekara biyu zuwa uku na farko.

Da farko ka nemi masu kula da gandun, ka ji ranar aikinsu. Ka roƙi a ba ka bishiyoyi kaɗan waɗanda za ka san halinsu. Ka tambaya ko an gwada ƙasar, domin ƙasar birni takan ƙunshi dalma.

Sai ban ruwa, kuma a nan ne aikin yake. Tura yatsa cikin ƙasa. Idan da danshi, ka ƙyale. Idan ta bushe, zuba ruwa a hankali har ya ratsa zuwa saiwa. Shayarwa mai zurfi sau ɗaya ko biyu a mako ta fi yayyafin kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama, zafi ya ƙone ta. Da sassafe ya fi.

Bayan ka cire ciyawa da hannu, shimfiɗa busassun ganye ko ɓarzajjen itace, kaurin santimita 5 zuwa 10, don ya tare danshi. Amma kada ya taɓa jikin bishiyar, bar tazarar tafin hannu. Tara shi a gindi yana ruɓar da ɓawo, kuma ina jin zafin ganin bishiya ta mutu a hannun mai son ta.

Datse rassa kuwa sai ka koya wurin wanda ya iya. Fara da busassu, masu cuta, da masu gugar juna. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassa a shekara. Idan bishiyar mai aure ce, cire duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar, in ba haka ba zai rinjayi irin da ake so. Goge almakashi kafin ka matsa zuwa wata bishiyar.

Duba igiyar da aka ɗaure bishiyar da ita a jikin turke, ka sassauta kafin ta shige ɓawo. Yawanci bayan shekara guda a cire turken. Rubuta abin da ka yi da abin da ka gani, domin mai zuwa bayanka ya san inda ka tsaya.