Babi na Shida: Yadda Ake Karanta Takardar Awon Suga

Darasi na 1: Ina suga yake fitowa?

Kowa ya buɗe littafinsa, ya riƙe fensir. A wannan babi za mu koyi karanta 'yar takardar nan da ake ba mutum a asibiti ko a kemis bayan an soki yatsansa an auna jini. Da yawanku kuna da ita, wani a ninke cikin hula, wata a ƙulle a bakin zane, ana jiran jika ya taso daga makaranta ya karanta. In Allah ya yarda, kafin mu ƙare babin nan da idonku za ku karanta abinku. Gemu ba ya hana ilimi.

Tuwo, shinkafa, fura, rogo, dankali, burodi, duk in sun shiga ciki jiki yakan narkar da su, su koma suga, sugan ya shiga jini. Ba sai mutum ya sha shayi mai zaƙi ba. Da wannan suga ake samun ƙarfin noma da daka da tafiya kasuwa, saboda haka kowane mai rai yana da shi a jininsa. Sai dai ba ya iya shiga tsoka shi kaɗai, sai wani sinadari mai suna insulin ya buɗe masa, kamar yadda mabuɗi ke buɗe ƙofar ɗaki. In babu mabuɗin, ko kwaɗon ya yi tsatsa, sai suga ya taru a jini, ya riƙa fita ta fitsari. Daga nan sai yawan fitsari, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama da kasala. Shi ne ciwon suga.

Wata gaɓa ce ke yin insulin, tana kwance a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas. A jikin kare aka gano aikinta. A shekarar 1889, a birnin Strasbourg wanda a lokacin yake hannun Jamus, wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wannan gaɓa, sai ga karen da ciwon suga. A 1921 kuma, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka tace ruwan gaɓar suka yi wa karnuka masu ciwon allura, sugansu ya sauka. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar da aka tace daga jikin shanu, ya tashi. Kafin wannan lokaci yaron da ya kamu ba ya daɗewa a duniya. Shekaru da yawa daga shanu da aladu ake samo insulin. Na san abin da ke ranku, to ku kwantar da hankali: tun 1982 aka fara sayar da wanda ake haɗawa a masana'anta da taimakon ƙananan halittu, kuma irinsa ne ya fi yawa a yau.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da matasa. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, ita ce ke juyowa ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, don haka mai shi ba shi da makawa sai allura kullum. Ba laifin uwa ba ne, ba shan alewa ba ne, ba kuma sammu ba ne. Na biyu shi ne na yawancin manya, cikin goma fiye da tara: insulin yana nan, amma jiki ba ya jin maganarsa sosai. Karnuka da kyanwoyi su ma suna kamuwa da ciwon suga.

Rubuta waɗannan sau uku uku: suga, jini, awo, insulin.

Darasi na 2: Ɗigo

Yanzu ga inda aikin yake. Duba waɗannan lambobi biyu:

5.4          54

Sa ɗan yatsanka a kan ta farko. Tsakanin biyar da huɗu akwai wani ɗan baƙin abu a ƙasa. Ba ƙura ba ce, ba kashin ƙuda ba ne, kada ka goge shi. Sunansa ɗigo. Lamba ta farko ana karanta ta "biyar ɗigo huɗu", wato biyar da ɗan ƙari, ba ta ma kai shida ba. Ta biyu ba ta da ɗigo, ita ce "hamsin da huɗu".

Me ya sa nake tsayawa a kan ɗan wannan abu? Saboda 5.4 awon mai lafiya ne, ya tashi ya ci gaba da harkarsa. Amma 54 awon wanda sugansa ya faɗi ƙasa ne ƙwarai, in ba a ba shi abu mai zaƙi nan take ba yana iya suma. Lambobin iri ɗaya ne, biyar da huɗu. Ɗigo ne kawai ya raba su.

Saboda haka kafin ka buɗe baki ka karanta, nemi ɗigo tukuna. Kada ka fara da lamba, fara da ɗigo. Mu faɗa tare: nemi ɗigo, sannan ka karanta.

Gwada waɗannan da babbar murya:

6.1          61
7.5          75
15.0          150

Ta farko, shida ɗigo ɗaya, sai sittin da ɗaya. Ta biyu, bakwai ɗigo biyar, wato bakwai da rabi, sai saba'in da biyar. Ta uku ce ke kada mutane. Sha biyar ɗigo sifili, wato sha biyar cif, ba ɗari da hamsin ba. Wanda ya ga 15.0 sugansa ya hau sosai, ya nemi likita a ranar. In ya tsallake ɗigo ya ce ɗari da hamsin ne, zai koma gida ya kwanta yana ganin abin da sauƙi.

Inna, in idonki ba ya ganin ɗigon, fita da takardar cikin haske, ko ki ari tabarau. Babu kunya a nan, ni ma sai da tabarau nake ganinsa. Baba, kada ka yi sauri don na kusa da kai ya riga ka gamawa. Sannu ba ta hana zuwa. Koma kan layi na uku, sa yatsa, nemi ɗigo.

Wajen rubutawa ma haka ne. Wasunku kan ɗora fensir su ɗaga ba su danna ba, gobe a duba a rasa ɗigon. Danna shi ya fito baƙi ƙirin, a ƙasa, ba a sama ba, ba a tsakiya ba. Rubuta 5.4 sau goma. Ba wa na kusa da kai ya duba. In bai ga ɗigo ba daga inda yake zaune, sake rubutawa.

Darasi na 3: Haruffan da ke bayan lamba

Za ku ce, to me ya kawo lamba mai ɗigo da marar ɗigo? Ma'auni ne ya bambanta. A bayan lamba akwai ƙananan haruffan boko, su ke faɗin ma'aunin da aka yi aiki da shi. Ba sai kun san ma'anarsu ba, ku dai gane kamanninsu.

In kun ga mmol/L, mai "m" biyu a jere, lambarsa ƙarama ce kuma tana zuwa da ɗigo. In kun ga mg/dL, lambarsa babba ce, ba ta da ɗigo. A Najeriya ana samun duka biyun, asibiti ya rubuta da wannan, na'urar gida ta nuna wancan. In an ninka mai ɗigo sau 18 sai a sami marar ɗigo, don haka 7.0 da 126 awo ɗaya ne. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma, a Maraɗi ko Damagaram, sau da yawa g/L za su gani, irin na Faransa, da waƙafi a maimakon ɗigo: 1,26. Shi ma wancan awon ne dai.

Ga iyakokin da likitoci ke bi, in an auna da safe mutum bai ci komai ba. Kwafe su a bangon littafinka:

Ƙasa da 3.9, ko ƙasa da 70: suga ya faɗi.
Daga 4.0 zuwa 5.5, ko daga 72 zuwa 99: lafiya lau.
Daga 7.0 zuwa sama, ko daga 126 zuwa sama: alamar ciwon suga.

Abin da ya faɗa tsakanin lafiya da 7.0 gargaɗi ne, a nuna wa likita. Kuma awo ɗaya ba ya yanke hukunci, akan maimaita wata rana. Wanda kuwa aka riga aka san yana da ciwon, likitansa ne zai faɗa masa lambar da zai riƙa nema.

Dubi 7.0 da 70 da kyau. Ɗaya bakin sama ce, ɗaya bakin ƙasa. Me ya raba su? Ɗigo. Nemi ɗigo, duba haruffa, sannan ka karanta.

Wani lokaci na'ura ba ta nuna lamba, sai haruffa biyu. HI na nufin suga ya hau har ya wuce awonta. LO na nufin ya faɗi ƙasa da awonta. Duka biyun ba na zama ba ne.

Darasi na 4: Kafin a soki yatsa

In an ce ka zo awo da safe ba ka ci komai ba, ana nufin aƙalla awa 8 babu abin da ya shiga bakinka sai ruwa zalla. A nan sai na yi muku faɗa. Kullum sai an sami mai cewa "ai koko kawai na ɗan kurɓa", ko "ai dabino ɗaya ne". Koko abinci ne. Dabino abinci ne. Ka ci, ka ɓoye wa ma'aikaciyar jinya, ta rubuta lambar ƙarya, likita ya ba ka magani a kan ƙarya, wa ka cuta? In ka ci, ka ce ka ci, ba wanda zai dake ka.

Mai na'ura a gida ya wanke hannu da sabulu ya bar shi ya bushe. Yatsan da ya taɓa mangwaro ko rake zai nuna sugan mangwaron ne, ba na jini ba. A soki gefen yatsa, ya fi sauƙin zafi. Allurar da ta soki wani ba a soka wa wani da ita, ko da mata da miji ne. A duba ranar lalacewa a jikin gwangwanin tsinken awo, wato ɗan siririn abin nan da ake sa wa na'ura a ɗiga masa jini, a rufe gwangwanin da zarar an zari ɗaya.

Sannan a rubuta: rana, lokaci, kafin ci ko bayan ci, sai lamba. Da ɗigonta. Na duba littattafanku, wasu har yanzu babu ɗigo, wasu kuma littafin ma an bar shi a gida. Ba a zuwa aji da hannu biyu.

Darasi na 5: In suga ya faɗi

Wannan ya fi samun masu allurar insulin da masu shan wasu ƙwayoyin, musamman in an sha magani ba a ci abinci ba. Alamunsa rawar jiki, gumi, jiri, bugun zuciya, yunwa mai tsanani. A ba shi suga cokalin shayi uku a ruwa, a jira minti 15, a sake aunawa. In ya dawo daidai ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Mai ciwon suga da ke son yin azumi ya ga likita tun watan Sha'aban. Mai maganin da ke yawo da lasifika yana cewa kwalba ɗaya ta raba ka da suga har abada, kada ka ajiye maganin asibiti saboda shi. Na faɗa, na kuma faɗa.

Darasi na 6: Ƙafa da ajiyar magani

Duba ƙafarka kullum, har tsakanin yatsu, don ciwon yakan kashe jin zafi. Kada ka yi tafiya ba takalmi. Gyambo ko ƙarami ne, asibiti.

Insulin ba ya son zafi, ba a kuma bari ya daskare. In babu firji, a sa shi a leda a ɗaure, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai sanyi a inuwa.

Aikin gida: karanta wa wani a gidanku waɗannan, ka faɗi wanne ne ya faɗi, wanne ne lafiya, wanne ne ya hau.

4.8          48          11.1          92          2.9          200

Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da tsohuwar takardar awonsa, ko ta wani a gida in ya yarda, da fensir fiƙaƙƙe.