Yadda Nake Renon Sikas a Tsakar Gidana a Birnin Kebbi

Masu sayar da furanni suna ce mata sikas, wanda bai san ta ba kuma sai ya ɗauka 'yar dabino ce saboda ganyen. Ba danginsu ɗaya ba. Wadda ta fi yawa a hannun mutane, Cycas revoluta, asalinta kudancin Japan ne, kuma tana da jimirin sanyi. Takan jure har kusan digiri 10 ƙasa da sifili na ɗan lokaci, ko da ganyen zai ƙone. A kudancin Ingila, masu barin ta a waje sukan lulluɓe ta in za a kwana da ƙanƙara, su janye mata taki har sanyi ya wuce.

Mu nan hunturunmu ba ya yi mata komai. Abin tsoro shi ne ranar Maris da Afrilu, da kuma yawan ruwa. Tawa tana gindin darbejiya, inda take samun hantsi kawai.

Nemi tukunya mai huji babba. Haɗa yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, ruɓaɓɓen kashin awaki kashi ɗaya, ka farfasa gawayi ka zuba a ciki. Kada ka binne kututturen, bar fiye da rabinsa a waje. Kafin ka ba ta ruwa, tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi, ƙyale ta. Ta farko da na saya ruwan Agusta ne ya kwanta mata, saiwar ta ruɓe, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Tun daga nan nake ɗora tukunyar bisa bulo da damina.

Wajen taki ne mutane suka fi yi mata illa. Sikas ba masara ba ce. Takan yi watanni shiru, sannan ta fito da sabon ganye gaba ɗaya daga tsakiya, sau ɗaya ko biyu a shekara, mai laushi, gefensa a nannaɗe. Wannan fitowar ake yi wa tanadi. Ni nakan barbaɗa NPK 15-15-15 cokali ɗaya a gefen tukunya, nesa da kututture, a farkon damina, in ƙara ɗaya a tsakiyarta. Yuriya kam ba na kai ta kusa. Cikin saiwarta ta sama, masu kama da murjani, akwai ƙwayoyin halitta da ke jawo mata naitirojin, sinadarin da yuriya ke bai wa shuka, daga iska, don haka kada ka tuge su ko ka yi kaftu a wurin. Ganye na fitowa, kada ka juya tukunyar, zai karkace ya ƙage a haka.

In sabon ganye ya fito rawaya a tauye, galibi ƙarancin sinadarin manganis ne, sai a nemi hodar manganis salfet wajen masu kayan noma. Na ƙasa da ya tsufa kuwa, bar shi ya bushe sarai kafin ka yanke.

Don Allah a kula: duk jikinta guba ne, 'ya'yan sun fi. Suna lalata hantar akuya da kare, yaro ma suna yi masa illa. Tawa na kewaye ta da waya, ganyen da na yanke kuma ba ya shiga cikin harawa.