Yadda Ake Sauya Tsirkiyar Jita a Legas

Laimar Legas ba ta barin tsirkiyar ƙarfe ta daɗe. Yawancin jitocin da ake kawo mini gyara a Agege tsatsa ce ta cinye tsirkiyoyinsu.

Da farko ka sassauta tsirkiyoyin nan 6, kada ka yanke su a ɗaure. Sai ka cire ƙusoshin da ke riƙe da su a gindi. Bi a hankali da filaya, katakon wurin ba ya son ƙarfi.

Goge wuyan jitar da busasshen tsumma.

Zura kan sabuwar tsirkiya a raminta, danna ƙusar, ka ɗan ja har ka ji ta kama. A saman wuyan jitar, inda ake naɗa ɗaya kan tsirkiyar a maɗaurinta, zagaye 2 ko 3 ya isa. Masu tula ta kamar zaren masaƙa kansu suke wahalarwa.

Saita sauti, ka ɗan jajja ta, ka sake saitawa.