Nas mai aiki da ke neman digirin jinya na BNSc: kurakuran da na gaji da gani

Duk lokacin da jami'o'i suka fara sayar da fom, sai ƙannena a wurin aiki su riƙa biyo ni: "Anti, ina so in yi digiri, ta ina zan fara?" Tambayar tana faranta mini rai, domin mai RN kaɗai, wato shaidar rajistar nas, akwai inda ƙarin girma yake tsaya mata. Takaicina shi ne, ramin da na faɗa shekarun baya har yau shi ake faɗawa. Da mata nake magana don su suka fi yawa a cikinmu, amma maza ma ku saurara.

Wanda ya fi cutar da ni shi ne fara karatu ba tare da amincewar wurin aiki a rubuce ba. Da na samu gurbi, na je ofishin matiron ɗinmu na gaishe ta, na miƙa mata takardar. Ta yi murna ƙwarai, ta ce, "Je ki yi, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Maganar rosta ki bar mini." Ta kuwa cika alkawari, ni kuma ban rubuta komai ba. Ina shekara ta biyu ta yi ritaya. Wadda ta gaje ta ta duba fayil ɗina ba ta ga ko layi ɗaya da ya nuna ina karatu ba, makon jarrabawa ya same ni a dutin dare. Sai in miƙa aiki da safe, in tari mota da yunifom a jikina, in zauna gaban kwamfuta idanuna na yaji. Wannan ma mai sauƙi ne. Ranar da na kai satifiket don a gyara mini matsayi, jami'in ma'aikata ya buɗe fayil ɗin shafi-shafi a gabana, ya ɗago ya ce, "Sista, wa ya ba ki izinin wannan karatun?" Shekara biyu na yi ina zarya tsakanin ofisoshi, waɗanda muka gama tare suna karɓar sabon albashi.

Don haka yanzu ba na barin kowa ta biya ko sisi sai ta rubuta takardar neman izini, ta bi da ita ta hannun shugabar sashen jinya zuwa hukumar da ta ɗauke ta aiki. Ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki. Idan amsa ta fito, ki yi kwafi uku, ki ɗauki hotonta a waya, ki je da ƙafarki ki tabbatar an saka ɗaya a fayil. Ko karatun daga nesa ne, ko ba hutun karatu kike nema ba, ki rubuta. Mutumin kirki yana ritaya, ana yi masa canjin wurin aiki, fayil ne yake zama.

Na biyu kuwa, a nan zan yi faɗa. Haba jama'a! Kin yi shekara uku a makarantar jinya, kin ci jarrabawar Kansil, wato hukumar jinya ta ƙasa, da guminki, sannan wani ya turo talla a WhatsApp wai digiri a wata goma sha takwas ba halartar aji, ki kwashi kuɗin adashinki ki tura masa? Kun manta abin da ya faru a Janairun 2024, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida? Wata da muke aiki tare ta sayar da sarƙarta ta zinare saboda irin wannan takarda, yanzu tana cikin akwati ba ta da inda za ta kai ta. Amincewa biyu ake dubawa: ta NUC, hukumar jami'o'i, da ta NMCN, wato Kansil ɗin da ke ba mu lasisi. Kuma kwas ɗin jinyar za ki bincika, kada sunan jami'ar kawai ya ruɗe ki. Hanyoyi na gaskiya suna nan: NOUN, jami'ar karatu daga gida, da cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya, ko ki cike fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga kai tsaye, ki shiga aji biyu a jami'a irin Bayero idan an ba ki cikakken hutun karatu.

Ki ciro sakamakonki na sakandare yau ki duba: kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Fiziks ne yake kayar da yawancinmu. Idan babu, ki sake zama WAEC ko NECO tun kafin fom. Idan sunan mahaifi ne a wata takarda, sunan miji a wata, ki yi rantsuwar kotu tun yanzu. Kada ki bar lasisinki ya mutu, ki halarci MCPDP, bitar dole ta sabunta lasisi, a kan lokaci. Lambar sirrin shafinki na makaranta kuma ba ta mai shagon intanet ba ce.

Musanyar duti bashi ce. Ni littafi nake da shi, ina rubuta wadda ta riƙe mini dare, in biya ta kafin ta tambaya.

Sai furojet, binciken kammala digiri. Ki ɗauki maudu'i daga ɗakin da kike aiki, abin da kike gani kullum, kamar yadda ake wanke hannu ko dalilin da ke sa masu hawan jini barin shan magani. Takardar izinin kwamitin ɗa'a na asibiti takan ɗauki makonni, don haka ki nema da zarar malamin da ke duba ki ya amince da babi uku na farko, kafin ki raba wa kowa takardar tambayoyi.