Yadda Ake Haɗa SteamOS da Windows a Kan Steam Deck Guda Ɗaya

Yawancin samarinmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da suka mallaki Steam Deck, wato ƙaramar kwamfutar wasanni ta riƙewa a hannu, abin da suke fara nema a cikinta shi ne ƙwallo. Sai su tarar wasan ƙwallon EA Sports FC ya ƙi tashi, su ɗauka na'urar ce ke da matsala. Lafiyarta ƙalau. Kamfanin Valve ya fitar da ita a 2022 da babbar manhajarsa SteamOS, wadda aka gina kan Linux, kuma tana tafiyar da wasannin Windows ne ta hanyar wata manhaja mai suna Proton. Dubban wasanni na aiki haka lami lafiya. Amma akwai waɗanda ke ɗauke da manhajar hana maguɗi da ba ta yarda da Linux ba: FC, Fortnite, Valorant, Destiny 2 da sababbin Call of Duty. Haka nan manhajar Xbox ta masu Game Pass, tsarin biyan kuɗin wasanni na Microsoft, sai da Windows.

To me ya sa ba za a goge SteamOS a zuba Windows kawai ba? Ni dai ba zan ba ka wannan shawarar ba. A SteamOS kana tsakiyar wasa a cikin BRT daga Ikorodu, an iso tasharka, ka danna maɓallin wuta sau ɗaya na'urar ta yi barci, ka isa gida ka sake dannawa ka ci gaba daga inda ka tsaya. Windows ba ta iya wannan da kyau ba a kan Deck, kuma sarrafa batir da iyakance zafin na'ura duk sun fi sauƙi a SteamOS. Don haka a bar kowacce da aikinta. In kuwa babu ko ɗaya daga cikin wasannin can a ranka, ka bar na'urarka yadda take.

Kayan da za ka tanada

Filasha biyu, ɗaya aƙalla 8GB, ɗayar 16GB ta fi. Mahaɗin USB-C mai ramuka da yawa, wanda ke barin caji ya wuce ta cikinsa, domin Deck rami ɗaya gare ta. Kibod na waya, da linzami in akwai. Sai wata kwamfuta mai Windows da za ka shirya filashan a kanta.

Duk ana samun waɗannan a Computer Village da ke Ikeja, amma ka yi hattara da filasha da katin memori na jabu, irin wanda aka rubuta 256GB a jikinsa alhali cikinsa bai kai haka ba. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika shi ta karanta, ta gaya maka gaskiyar girmansa. Gwada shi tun kafin ka ɗora masa wani abu.

Duba girman ma'ajiyar Deck ɗinka ma. In mai 64GB ce, kada ka fara, domin Windows 11 kaɗai tana neman 64GB. Sai ka canza SSD, wato ma'ajiyar cikinta, tukuna, kuma girman da ke shiga shi ne M.2 2230, gajeren nan, ba dogon 2280 na laftof ba. Mai 256GB za ta yi da ƙyar. Daga 512GB ne mutum ke sakewa, tunda FC kaɗai na iya neman kusan 100GB.

Wasu na ɗora Windows a kan katin microSD don kada su taɓa ma'ajiyar ciki. Yana aiki, kuma ya dace da wanda ke son ɗanɗanawa kawai. Sai dai yana da nauyi, kuma yawan rubuce-rubucen da Windows ke yi na gajiyar da kati da wuri.

Mataki na farko: sauke komai kafin ka taɓa na'urar

Daga shafin tallafi na Steam ka sauke fayil ɗin farfaɗo da SteamOS, ka kuma sauke direbobin Windows na Deck, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta gane sassan na'urar: na APU (ƙwaƙwalwar na'urar mai sarrafa hoto), Wi-Fi, Bluetooth, makarancin kati da na sauti. Na Deck mai allon LCD daban, na mai allon OLED daban, kada ka cakuɗa. Daga shafin Microsoft ka sauke ISO, wato fayil ɗin girkawa, na Windows 11, wanda ya haura 5GB. Windows 10 kuwa an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, ba ta cancanci wahalarka ba. Data za ta ci, don haka ka yi da tsarin dare ko inda kake da Wi-Fi mai ƙarfi.

Da manhajar Rufus za ka rubuta SteamOS a filasha ta farko, Windows a ta biyu. Wajen rubuta Windows, Rufus zai nuna maka wasu zaɓuɓɓuka. Ka zaɓi cire tilascin asusun Microsoft, domin wataƙila ba ka da intanet a lokacin girkawa, ka kuma zaɓi hana BitLocker, makullin bayanai na Windows, kulle ma'ajiya da kansa. In ka gama, kwafi direbobin nan cikin filashar Windows ɗin.

Sannan ka adana abin da ba ka son rasawa. Wasannin da ke amfani da Steam Cloud suna ajiye ci gabanka a intanet, amma na emuleta, manhajar kwaikwayon wasu na'urorin wasa, da waɗanda ba na Steam ba suna cikin na'urar ne kaɗai. Kwashe su zuwa waje.

Mataki na biyu: raba ma'ajiya

Nan ne wurin da ya fi haɗari, kuma nan ne nake so ka natsu. SteamOS ta raba SSD gida takwas, kowanne ana kiransa yanki. Bakwai na farko ƙanana ne, nata ne na aiki, har da kwafi biyu na tsarin, A da B, don in sabuntawa ta lalace ta koma kan na baya. Na takwas, mai suna home, shi ne babban da wasanninka ke ciki. Shi kaɗai za ka rage. Kamar ɗaki ne da za a gitta wa falanki a tsakiya: sai an matsar da kaya gefe guda kafin a kafa. Saboda haka ka goge manyan wasannin da ba ka bugawa, don a samu fili.

Batun wuta kuma ba wasa ba ne a garin nan. In na'ura ta mutu ana tsakiyar rage yanki, duk abin da ke cikinsa na iya salwanta. Ka cika batir tukuna, ka jona cajar 45W ta asali ta cikin mahaɗin. In kana da inbata ko babban fawa-bank mai PD, wato mai saurin caji ta USB-C, ya fi janareta mai hawa da sauka. Sa'ar ita ce batirin Deck zai riƙe ta ko an ɗauke wuta, muddin a cike yake.

Ba a iya rage yanki ana cikin amfani da shi, shi ya sa za ka tashi daga filasha. Kashe Deck gaba ɗaya, ba barci ba. Jona filashar SteamOS, riƙe maɓallin rage sauti, danna na wuta, ka saki idan ka ji ƙarar nan. Jerin wuraren tashi zai fito, zaɓi filashar. Takan ɗauki 'yan mintoci da baƙin allo, kada ka ɗauka ta maƙale.

Idan fuskar ta buɗe za ka ga gumaka a kanta. Kada hannunka ya kai kan wanda aka rubuta Reimage ko Wipe Device, shi yana share komai ne. Buɗe KDE Partition Manager, zaɓi ma'ajiyar ciki mai suna nvme0n1, danna yanki na takwas, ka rage girmansa daga ƙarshe. A kan 512GB, ni nakan ga 200GB zuwa 250GB sun ishi Windows da manyan wasanni biyu. Filin da ya fito ka mayar da shi sabon yanki na NTFS, tsarin ma'ajiyar da Windows ke amfani da shi, ka rubuta girmansa a takarda, sannan ka danna Apply ka ƙyale ta har ta gama.

Kafin ka wuce gaba, cire filashar ka kunna SteamOS ka tabbatar tana tashi.

Mataki na uku: girka Windows

Kashe, jona filashar Windows da kibod, ka sake shiga jerin tashi. Allon zai fito a kwance ta gefe, domin asalin gilashin Deck a tsaye aka ƙera shi. Juya na'urar a hannunka ka ci gaba. In an zo zaɓen wurin girkawa, za ka ga dogon jeri. Nemo yankin da girmansa ya yi daidai da na takardarka, shi kaɗai za ka zaɓa. Kada ka goge ko ɗaya cikin sauran, komai ƙanƙantarsa.

Da ta gama, shiga saitin allo ka mayar da shi Landscape. Girka direban APU da farko, sai sauran, kana bin bayanin da Valve ya rubuta a gefen kowanne, musamman na sauti da ke da fayil fiye da ɗaya.

Gyare-gyare biyu da ake mantawa

Buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa ka rubuta powercfg /h off. Wannan na kashe dabarar Windows ta yin rabin barci a maimakon mutuwa, wadda kan kawo ruɗani idan manhajoji biyu na zaune a na'ura ɗaya.

Na biyun shi ne agogo. Linux na ajiye lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, a agogon na'ura, Windows kuma na ɗaukarsa a matsayin lokacin gari. Legas tana gaban UTC da awa ɗaya, don haka duk sanda ka sauya, agogo zai kauce da awa guda. Wanda ke duba allon don sanin ko La'asar ta yi zai gane muhimmancin wannan, kuma wasu wasannin intanet ma kan ƙi haɗuwa idan lokaci bai daidaita ba. Maganinsa a Registry yake, wato rumbun saitunan Windows: ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\TimeZoneInformation, ƙirƙiri DWORD mai suna RealTimeIsUniversal ka ba shi 1.

Yadda za ka riƙa sauyawa

Yanzu Windows ce za ta riƙa tashi da kanta. Don shiga SteamOS, riƙe maɓallin rage sauti, danna na wuta, ka zaɓe ta. Wani lokaci bayan sabuntawa sunanta kan ɓace daga jerin, mutum ya firgita ya ce an goge masa komai. Tana nan. Riƙe maɓallin ƙara sauti da na wuta, shiga Boot From File, bi esp, efi, steamos, ka zaɓi steamcl.efi. Masu son allon zaɓi mai kyau a duk kunnawa kan girka Clover ko rEFInd, amma ba Valve ne ya yi su ba, kuma har yau shi bai ɗauki nauyin tallafa wa Windows a kan Deck ba, direbobi kawai ya bayar.

A Windows, maɓallan wasa suna aiki a matsayin na'urar wasa ne idan Steam na buɗe. Wasan da ba na Steam ba, ka ƙara shi cikin ɗakin wasanninka na Steam ka tayar da shi daga can. Akwai manhajoji irin su Handheld Companion da Steam Deck Tools, sai dai wasu sassansu na taɓa can cikin tsarin, abin da manhajar hana maguɗi kan iya ɗauka a matsayin ha'inci. Ka karanta gargaɗinsu da kyau kafin ka shiga wasan intanet da asusun da ka kashe wa kuɗi.

Kada kuma ka matsa sai manhajojin biyu sun yi tarayya a ma'ajiyar wasanni ɗaya. Windows ba ta karanta ext4, tsarin ma'ajiyar SteamOS, Proton kuma ba ya jin daɗin NTFS. Kowacce ta riƙe nata.

Masu ROG Ally na ASUS ko Legion Go na Lenovo, naku aikin a juye yake, tunda da Windows 11 suka zo. Za ku kashe BitLocker, ku rage yankin C daga Disk Management, sannan ku girka Bazzite, wadda aka gina kan Fedora mai fuska irin ta SteamOS. Ku kula da Secure Boot, tsaron da ke hana na'ura tashi da manhajar da ba a amince da ita ba, domin wasanni irin su Valorant na buƙatarsa a kunne a Windows 11, don haka ya fi ku shigar da mabuɗin Bazzite a lokacin girkawa maimakon ku kashe shi.